Gardamar Manuni da Lambar Jeri

'Ya'yana masu koyon harshen C, gardamarku ta iso kunnena: wai *p++ ya fi a[i] gudu, don haka gwani ba ya amfani da lambar jeri, sai manuni. Ku matso in gaya muku inda zancen ya samo asali.

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, a kan injin PDP-11. Wannan inji yana da umarni guda da zai ɗauko abu kuma ya matsar da adireshi gaba. Kwamfailar wancan lokaci ba ta da dabara sosai, kusan abin da ka rubuta shi take miƙa wa inji. Littafin Kernighan da Ritchie na 1978 ma ya nuna cewa manuni kan fi sauri. Magabata ba su yi ƙarya ba, injinsu suka siffanta.

Yau ƙa'idar C ta ce a[i] da *(a+i) abu ɗaya ne. Idan ka kunna -O2 a GCC ko Clang, kwamfaila kan juya lissafin lambar ya koma tafiyar manuni ba tare da ka roƙe ta ba. Farosesar x86 kuma tana haɗa tushen adireshi da lamba sau 4 ko 8 cikin umarni ɗaya. Sau da yawa abin da ke fitowa daga rubutun biyu iri ɗaya ne. Wani lokaci ma a[i] ke cin riba, domin kwamfaila ta fi saurin gane zagaye nawa za a yi, sai ta sarrafa abubuwa da dama a tashi ɗaya.

Lokacinku a wajen ɗauko bayanai yake tafiya. Farosesa na kwaso bayit 64 a lokaci guda zuwa ƙaramar ma'ajiyarta ta kusa. Abin da ke nan ana samunsa cikin 'yan bugu kaɗan, wanda ke babbar memori kuwa yakan ci bugu ɗari ko fiye. A C, jeri mai layuka a kwance yake layi bayan layi. Wanda ya bi shi ta tsaye yana tsallake-tsallake, kamar mai barin randa a ɗaki ya nufi rijiya ne duk sanda zai sha moɗa ɗaya. Da manuni ko da lamba, wahalarsa ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaka. C ba ya tsare ta ko da ka rubuta a[i], amma idon ɗan'uwanka zai fi saurin kama kuskure idan lambar a fili take. Heartbleed na 2014 a OpenSSL karatu ne da ya zarce iyakar ma'ajiya, ya tona sirrin mutane masu yawa.

Ku rubuta a[i] a inda ya fi fitowa sarari. In kuna zargin jinkiri, ku buɗe shafin Compiler Explorer ku ga umarnin da kwamfaila ta fitar, sannan ku auna lokaci kafin ku sauya ko layi ɗaya. Allah ya yi muku albarka.