Darasi na Tara: Harshe da Sadarwa a Lokacin Tashin Jirgin Sama

Ɗalibin malanta da aka tura koyarwar gwaji Batsari ko Safana zai tarar da yara suna sha'awar labarin jirgin sama, musamman lokacin jigilar alhazai daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina. Za a yi amfani da wannan sha'awa a nan don nuna yadda rai kan rataya a kan jimla guda.

Idan jirgi ya tashi, yakan hau sama daki-daki, yana ratsa matakan da jirage masu shirin sauka ke bi. Direban mota yana iya taka birki a mararraba ya jira. Matuƙin jirgi ba shi da wannan dama. Saboda haka mai ba da umarni daga ƙasa yakan ware wa kowane jirgi matakinsa, da tazarar ƙafa 1,000 aƙalla, matuƙi kuma ya maimaita abin da ya ji, domin a gyara masa in ya kuskure.

Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal yana dosar Legas, wani jirgi kuma na kamfanin Triax ya tashi daga Legas yana hawa. Hanyoyinsu suka kusanci juna, na'urar gargaɗi ta yi ƙara. Matuƙin ADC ya karkata da sauri don ya kauce, jirgin ya kuɓuce masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Jiragen ko taɓa juna ba su yi ba, amma mutum 144 suka rasu, ciki har da Farfesa Claude Ake.

Kwana biyar bayan haka, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi ta Indiya aka ba shi matakin ƙafa 14,000, wani na Kazakistan mai shirin sauka kuma 15,000. Na biyun ya gangaro ƙasa da matakinsa, suka yi karo, mutum 349 suka halaka. Bincike ya nuna raunin Turancin matuƙan Kazakistan yana cikin dalilai. A nan ne malamin harshe ya kamata ya tsaya: saƙon ya iso kunne, bai isa fahimta ba. Irin wannan ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙa da masu ba da umarni wani mizani na iya Turanci daga 2008.

Aiki

1. Bambanta ji da fahimta, tare da misali daga wannan darasi.
2. Tsara wasan aji inda ɗalibi ɗaya zai ba da umarni mai ɗauke da adadi, na biyu ya maimaita, na uku ya tantance. Wane irin kuskure ya fi yawa?