Darasi: Yadda za mu kare garka daga iskar hunturu

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin noman rani ne. A bayan gida ko kusa da rijiya, da yawa daga cikinmu muna da ƴar garka: albasa, tumatir, salati, karoti da zogala. Daga cikinta uwargida take samun kayan miya, yara su ci ɗanyen ganye, a kai saura kasuwa. Amma a wannan lokaci garka tana da babban maƙiyi, shi ne iskar hunturu.

Wace ɓarna iska take yi?

Hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, wato daga wajen hamada. Yakan fara cikin watan Nuwamba, ya yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ya ja har Fabrairu. Ɓarnarsa iri huɗu ce:

1. Yana shanye danshin ƙasa. Fangalin da aka ba ruwa da safe sai ya bushe kafin azahar.
2. Yana ɗauko rairayi ya ƙuje ganye, ya binne ƙananan tsirrai.
3. Yana zuba ƙura bisa ganye, ta hana shi samun hasken rana sosai.
4. Yana karya rassa, yana kakkaɓe furen tumatir. Furen da ya faɗi kuwa ba ya zama ɗa.

A wani ƙauye mun ga garka biyu a bakin rijiya guda. Irinsu ɗaya, ranar dashensu ɗaya. Ta farko tana da darni, ta yi kore shar. Ta biyu ba ta da kome, rairayi ya cinye rabinta. Mai ita ya ja guga wata biyu, amma bai mai da kuɗin iri ba.

Maganin farko: darni

Mu kafa darni tun kafin mu yi dashe. Karan hatsi ko na dawa ya isa, haka ma zanar gamba. Mu fi ƙarfafa shi ta gabas da arewa, inda iska take fitowa. Mu haƙa rami mai zurfi, mu kafa itatuwa masu ƙwari, mu ɗaure karan da igiya sama da ƙasa. Kada mu bar kafa a gindinsa, domin ta nan rairayi yake kutsowa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: darnin da ya toshe ƙam bai kai mai ƴan ƙofofi amfani ba. In iska ta bugi katanga, sai ta haye ta, ta faɗo bayanta tana juyi da ƙarfi. In ta tarar da darni mai ƴan ƙofofi, sai ta ratsa shi a hankali, ƙarfinta ya karye.

Darni yana kare fili kimanin tsawonsa sau 10. Mu yi lissafi: darni mai tsawon mita 2 yana kare mita 20 a bayansa. In garka ta fi haka faɗi, sai mu ƙara wani layin kara a tsakiya.

Magani na biyu: rufe ƙasa

Ƙasar da ke tsirara ita iska take kwasa. Mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi tsakanin shuke-shuke, kaurin yatsa uku. Kada mu manna su ga gindin shuka. Mu riƙa ɗagawa muna dubawa saboda gara. Mu sa ruɓaɓɓen takin dabbobi, domin yana taimakon ƙasa ta riƙe ruwa. Mu ɗaga bakin fangali kaɗan, ya zama kariya ga tsirrai.

Wurin renon iri ya fi kowane wuri bukatar kulawa. Mu yi masa ƴar rumfa ta ciyawa, mu janye ta sannu a hankali yayin da tsirrai suke ƙwari.

Magani na uku: ban ruwa da tsari

Mu ba da ruwa da sassafe da kuma maraice, lokacin da iska take lafawa. Ruwan tsakar rana, iska da rana ne suke raba shi. Ranar da aka kwana ana ƙura, mu yayyafa ruwa bisa ganyen salati da safe, ƙurar ta sauka. Mu kafa wa tumatir sanda, mu ɗaure shi sako-sako. Dashe kuma da maraice ake yin sa, ba ranar da iska ta tashi ba.

Maganin da yake daɗewa: shinge mai rai

Darnin kara shekara guda yake yi, gara da awaki su gama da shi. Shingen itatuwa kuwa gado ne. Aguwa, lalle da bagaruwa duk suna yin shinge mai kyau. Sai dai mu kiyaye idanunmu da na yara daga nonon aguwa.

Muna da misali a ƙasarmu. A shekarar 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa. Layi biyu-biyu aka yi, da tazarar mita 100 tsakani. Da itatuwan suka girma, iska ta rage kwasar ƙasa, amfanin gona ya ƙaru, mutane suka sami itacen girki da na gini. A ƙaramar garka, mu dasa manyan itatuwa nesa kaɗan da fangali, don kada inuwa da saiwa su cuci shuka.

Gargaɗi

Busasshen kara abincin wuta ne. Kada mu hura wutar jin ɗumi kusa da darni. Kada mu zubar da toka mai garwashi a gindinsa. Cikin hunturu, tartsatsi guda yana iya cinye garka har ya kai ga rumbu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Daga wane ɓangare iskar hunturu take fitowa?
2. Don me darni mai ƴan ƙofofi ya fi wanda ya toshe?
3. Darni mai tsawon mita 3, mita nawa zai kare?
4. Waɗanne itatuwan shinge ake samu a garinku?