Yadda Ake Samun Mai Zuba Jari a Manhajar da Ba Ta da Tabbas

Banki ba ya ba da rance a kan manhaja. Takardar fili ko ta gida zai tambaye ka, kai kuwa iyakar abin da ka mallaka kwamfuta ce da dabarar da ke kanka. Shi ya sa ake neman masu jarin kasada, waɗanda ke sayen kaso a kamfanin. In an ci riba a ci tare, in abu ya rushe kuɗinsu ya tafi, ba mai bin ka bashi.

Da farko ka fahimci lissafinsu. Irin wannan mutum yakan watsa kuɗi a kamfanoni da dama, ya kuma san yawancinsu mutuwa za su yi. Fatansa ɗaya ko biyu su yi girman da zai rufe asarar sauran. Don haka kasada ba ta firgita shi. Abin da ke sa ya ɗaure bakin jakarsa shi ne ƙaramar kasuwa, ko saurayin da ke rantsuwa cewa babu abin da zai lalace.

Kafin ka tunkari kowa, haɗa ɗan samfuri, ko da mummuna ne. A ce manhajar rubuta bashi ce ta 'yan kasuwa. Kai ta ga masu shago ashirin a Kantin Kwari, ka zauna kan benci ka yi shiru. Duba inda yatsan Alhaji ke tsayawa yana laluben maɓalli, da lokacin da zai kife wayar ya jawo tsohon littafinsa daga ƙarƙashin atamfa. Gyara wurin, ka dawo gobe. Bayan wata uku, mutum nawa ne ke buɗe ta ba tare da ka kira su ba? Nawa suka biya, ko da naira dubu ce? A ganina wannan adadin ya fi duk wani jawabi da za ka shirya.

Sai takardu. Yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin kamfani mai hannun jari, domin rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta da kason sayarwa. Ku rubuta rabonku kai da abokan aikinka. Al'adar harkar ita ce kowa ya mallaki nasa sannu a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara guda ya tafi hannu rabbana. Zumunci ba ya hana wannan rubutun.

Daga nan ka tsara bayani a shafi goma ko sha biyu: matsalar, maganinka, girman kasuwa, su wa ke aikin, nawa kake nema. Faɗi abin da zai iya kashe aikin da bakinka tun kafin a tambaye ka. Nemi abin da zai riƙe ku kamar wata goma sha takwas, ka ambaci matakin da kuɗin zai kai ku. Wajen isa ga masu jarin kuwa, da ɗan gari akan ci gari: wanda suka taɓa ba jari ya gabatar da kai.

Akwai masu ƙayyadajjen farashi. Y Combinator ta Amurka na zuba dala 500,000, daga ciki dala 125,000 a kan kashi 7 cikin ɗari na kamfanin. Ta hannunta Paystack ta Legas ta bi a 2016, kafin Stripe ta saye ta a 2020 kan sama da dala miliyan 200.

In an kawo yarjejeniya, ɗauki lauyanka na kanka. Ya duba ƙimar da aka yi wa kamfanin, da wanda zai samu kujera a hukumar gudanarwa, da wanda za a fara biya ranar da aka sayar. Kada kuma ka kama ofis ko ka ɗauki ma'aikaci sai ka ga kuɗin sun shiga asusu.