Sikelin Kasuwa da Lissafin Aljabara

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban mai awo a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ya riga ya san ƙa'idar farko ta aljabara. Sikeli mai faranti biyu ba ya tsayawa daidai sai nauyin dama ya kai na hagu, kuma abin da aka cire daga faranti ɗaya tilas a cire irinsa daga ɗayan. Ma'anar alamar "=" ke nan. A kan wannan ƙa'ida Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, kuma daga kalmar "al-jabr" da ke cikin sunan littafin aka samo sunan fannin.

A ce an ɗora ƙullin shinkafa 3 masu nauyi ɗaya, tare da dutsen awo na kilo 2, suka daidaita da kilo 17. Mu kira nauyin kowane ƙulli x:

3x + 2 = 17

A cire 2 daga kowane ɓangare, saura 3x = 15. A raba da 3, x = 5. Mu masu nazarin halittu haka muke samun nauyin jariri mai tsoron sikeli: a auna shi a hannun uwarsa, a auna uwar ita kaɗai, a debe. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin da nauyin yaro ake ƙayyade yawan maganinsa.

Tambayar shekaru ce ta fi kayar da ɗalibai a jarrabawa. Wani tela a Fagge ya ninka ɗansa sau 4 a shekaru. Bayan shekara 16 zai ninka shi sau 2 kacal. Idan shekarun ɗan x ne, na uban 4x ne, saboda haka:

4x + 16 = 2(x + 16)

Da yawa sukan manta da baka, su rubuta 2x + 16, sai lissafi ya nuna musu yaron ba shi da shekara ko ɗaya! Ai shekarun ɗan na wancan lokacin ake ninkawa gaba ɗaya, har da 16 ɗin. Daidai shi ne 4x + 16 = 2x + 32, wato 2x = 16, x = 8. Ɗan yana da 8, uban 32.

A ganina, bai kamata malami ya karɓi amsa ba sai ɗalibi ya mayar da ita cikin tambayar ya gwada: bayan shekara 16 ɗan zai kai 24, uban kuma 48.