Kobolo: Jan Kunne Ga Masu Jinya a Libreville

Ya ku 'yan'uwa masu aikin jinya, da ku iyayen yara mazauna Libreville, tun wajejen 2017 malaman makarantun Gabon suke kuka da wata ƙwaya da yara ke kira kobolo. Yaro ya zo aji lafiya lau, kafin azahar ya ɗaga wa malami hannu, ko ya yanke jiki ya faɗi. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna taramol ne, wanda muka sani a Kano da Maraɗi. Maganin ciwo ne na gaskiya, a Jamus aka fara sayar da shi a 1977, mu ma muna ba da shi a asibiti. To, yaya aka yi magani ya koma dafi?

Shi magani a jiki kamar baƙo ne a gida. Baki ne zaurensa, jini ke yi masa jagora ɗaki ɗaki, hanta ce uwargida mai tarbarsa ta sauya masa tufafi, ƙoda kuma ita ke yi masa rakiya ya fita ta fitsari. Baƙon kirki yakan ci tuwonsa, ya isar da saƙo, ya yi sallama. Amma in mai rakiya ba ta da lafiya, kamar ƙodar tsoho, sai baƙo ya shimfiɗa tabarma. Na biyu ya zo ya tarar da na farko, na uku ya tarar da su biyun, har gida ya cika, maigida ya rasa inda zai shaƙi iska. Taramol kuwa baƙo ne mai fuska biyu. Yana toshe saƙon zafi a ƙwaƙwalwa irin na dangin mofin, yana kuma zuga wasu sinadarai masu ta da jijiyoyi. Hanta takan mai da shi wani abu da ya fi shi ƙarfi, kuma hantar wani ta fi ta wani sauri. Shi ya sa ƙwayar da ta bar Audu a tsaye take kwantar da Tanko.

Iyakar babban mutum miligiram 400 ne a yini, ƙwayar asibiti kuwa galibi mai 50 ce ko 100. A cikin wanda ake shimfiɗawa a faranti cikin rana a kasuwa irin Mont-Bouët, mai 225 ma yana yawo. Biyu sun riga sun ƙetare iyaka, yara kuma sukan kora da lemo ko giya.

Idan aka kawo miki saurayi yana jijjiga, kumfa a baki, dangi na cewa iskoki ne, kada ki tsaya musu. Ki kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali. Ki ɗaga fatar idonsa, ki ƙirga numfashinsa minti guda cur. In bai kai 12 ba, kira likita nan take. Nalokson yana farfaɗo da numfashi amma ba ya tsai da jijjigar, kuma ƙarfinsa kan ƙare kafin na ƙwayar. Don haka ba a barin gefen gadon.

Sai mu zo kanmu. Wasu cikinmu sukan bar makullin akwatin magani a kan tebur su tafi hira. Wasu, don kunya ko 'yan kuɗin taksi, sukan miƙa wa ɗan maƙwabci kati guda ba takardar likita. Haba! Addini ya haramta abin da ke gusar da hankali, wanda ya miƙa kuma yana da nasa kaso a alhakin. Makullin nan amana ce, za a tambaye ka ita a ranar da babu shugaban sashe da zai rufa maka asiri. Ba a ba mai farfaɗiya taramol, ba a ba yaro ƙasa da shekara 12, ba a haɗa shi da maganin barci. Wanda bai san wannan ba, ya koma littafi tun bai ɗauki rai ba.

Sauran abubuwan kun san su. A duba sunan majinyaci, da sunan magani, da adadi, da lokaci, kafin a buɗe kwalba. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Farasitamol ba ya wuce giram 4 a yini ga babban mutum, don hanta yake ci. Kwinin a ƙarin ruwa yake tafiya a hankali, ba a tura shi jijiya kai tsaye. Wanda aka ɗora a kan maganin ƙwayoyin cuta ya sha yadda likita ya rubuta, maganin da wa'adinsa ya wuce kuma a mayar wa mai ɗakin magani.