Rawa A Cikin Aji: Abin Da Na Koya A Gwantu

Sa'ad da kwaleji ta aike mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata makarantar firamare a Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, a kan hanyar Akwanga. Aka ba ni aji uku. Yaran kuwa ba harshensu ɗaya ba. Akwai Numana, da Ninzo, da Hausawa, da 'ya'yan Filani. Hausa ce ta haɗa su, amma waɗansu ba ta zauna a bakinsu ba tukuna, balle Turanci. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana da za su fita gwaji bana, kada su yi kuskuren da na yi.

A manhajar ilmin farko ta shekara 9, wadda aka soma aiki da ita cikin 2008, an haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda. Amma mu malamai mu kan ɗauki zane mu bar rawa, don zane ba shi da hayaniya, kuma ya kan bar abin da za a nuna wa mai duba makarantu.

Ran da na fara gwadawa, na jera yara a fili, na tsaya gabansu, na ce ko wa ya yi yadda na yi. Na ɗaga hannu suka ɗaga, na juya suka juya. Wata yarinya a layin baya ko motsi ba ta yi ba. Da ma tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba. Da aka tashi, babban malami ya kira ni gefe, ya ce, "Malam, wannan ai faretin soja ka koya musu. Ina abin da su suka yi?" Na rasa amsa.

To, a nan ne ya kamata mu rarrabe abu uku. Na farko motsa jiki, inda malami ke ƙidaya, yara na bi. Na biyu rawar gargajiya, irin wadda a ke gani a bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, wadda ke da takunta da kiɗanta, a kan koye ta wurin manya. Na uku shi ne wanda mu ke magana a kai, watau malami ya ba yaro abin da zai faɗa, yaron ya faɗe shi da jikinsa, ta hanyar da shi ya ga dama.

Wani masanin rawa, Rudolf Laban, wanda ya koma Ingila cikin 1938, ya buga littafi cikin 1948 a kan rawa a makaranta. Shi ya lura cewa ko wane motsi yana da abu huɗu: nauyi, ko da ƙarfi ko a hankali, lokaci, ko farat ɗaya ko sannu sannu, wuri, ko kai tsaye ko da zagaye, sai gudana, ko a sake ko a ɗaure. Malamin da ya riƙe waɗannan ba ya bukatar ya iya rawa. Tambaya kawai zai iya.

Mako na biyu na sake shiri. Lokacin girbin acca ne, sai na ɗauki aikin acca, don babu yaron da bai san shi ba. Ga yadda na bi:

1. Yara su watsu a fili, ko wa ya sami wurin da ba zai taɓa ɗan'uwansa ba. A yarda da alamar tsayawa. Ni tafi biyu na sa.

2. Malami ya yi tambaya, kada ya nuna. Yaya a ke yankan acca da lauje? Yaya a ke tattake ta? Yaya ƙaiƙayi ke tashi in ana sheƙa?

3. A sāke motsin. Wanda ya yi da sauri ya yi a hankali, wanda ya yi a tsaye ya yi a durƙushe.

4. Ko wane yaro ya zaɓi motsi uku ya haɗa su, da farko da tsakiya da ƙarshe.

5. Rabin aji su zauna su kalli rabi, su faɗi abin da suka gani. Sa'an nan a musanya.

Duka bai wuce minti 30 ba, kayan kiɗanmu kuwa ƙwarya ce da tafi. Da muka zo kan sheƙa, sai ga yarinyar nan ta ɗaga hannuwa sama, ta karkata, ta juya bayanta. Na tambaye ta don me ta juya. Ta ce, "Malam, iska ce, kada ta shiga mini ido." Maganarta ta farko ke nan a ajina. Ashe ba rashin sani ke damunta ba, rashin hanyar faɗa ne.

Kashegari na kawo yumɓu, na ce ko wa ya gina mutum a cikin motsin da ya yi jiya. Da, in sun zana mutum, sai ka ga sanda da kai. Yanzu kuwa ga gwiwa a lanƙwashe, ga baya a sunkuye, domin abin da jiki ya ji hannu ba ya mantawa. Na ba su labarin mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka tono a Nok cikin 1928, nan ƙasar Jaba, waɗanda suka haura shekara 2,000. A cikin irinsu akwai mai durƙuso, akwai wanda ya ɗora haɓa a kan gwiwa. Maginan nan sun lura da jikin mutum ƙwarai kafin su taɓa yumɓu.

Sai dai a yi hattara. Wani uba ya zo ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, ba rawa ba. Ban yi masa gardama ba, na roƙe shi ya zauna ya gani. Da ya ga aikin gona ne a ke kwatantawa, kuma maza suna gefe mata suna gefe, sai ya yi shiru, amma bai ce ya yarda ba. Saboda haka malami ya sanar da iyaye tun da wuri. Kada ya taɓa rawar da ta shafi ibada ko dodo na ko wace ƙabila. Kada ya tilasta wa yaron da aka hana a gida, ya ba shi ƙwarya ya kaɗa. Kada kuma ya ce wane ya fi wane iyawa, don ran da aka yi wa yaro dariya, ran nan ya daina.

Wanda zai fita gwaji, ya gwada wannan ko sau ɗaya, ya sa ido a kan layin baya. Allah ya ba mu sa'a, amin.