Ina taya su dariya, raina ba ya so

Malam, a wurin aikinmu abokai suna yi wa wani sabon ma'aikaci ba'a saboda ƙabilarsa. Abin yana damuna, amma kullum sai na taya su dariya. Anya ni ba munafuki ba ne?

Ɗan'uwa, wanda abin ke ci wa rai har ya rubuto wasiƙa bai kai munafuki ba tukuna. Abin da ke damunka tsoron fita daban ne, kuma masana sun daɗe da auna shi. A 1951, Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai a Amurka, ya ce su kwatanta tsawon layuka a kan kati. Amsar a fili take. Sai dai sauran mutanen ɗakin an haɗa baki da su, suna faɗin amsar da ba daidai ba. Kusan uku cikin huɗu na ɗaliban sun bi taron aƙalla sau ɗaya, alhali idanunsu lafiya lau.

Amma da aka sa mutum ɗaya tak ya riƙa faɗin gaskiya, bin taron ya ragu ƙwarai. Nan ne mafitarka. Ina kyautata zaton cikin masu dariyar nan akwai wanda, kamar kai, yaƙe kawai yake yi. Ka lalubo shi, ku yi magana a keɓe.

Kada ka yi musu wa'azi a bainar jama'a, sai su ƙara taurin kai. Fara da daina dariyar. Gobe da rana ka ja kujera kusa da baƙon, ku ci abinci tare, kowa yana gani.